"Sai Yanzu Kika Kawo Shi?"

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekarata 12 ina aiki, takwas daga ciki a sashen yara na wani asibitin gwamnati. Ina da aure da 'ya'ya biyu, namiji da mace. Kirista ce ni, haifaffiyar wani ƙauye kusa da Zariya, inda muka tashi muna addu'a da Hausa, muna waƙar sujada da Hausa. Na san da yawa daga cikin masu karatu a nan 'yan uwana Musulmi ne. Ina roƙon ku karanta wannan a matsayin labarin wata uwa da ta yi laifi, ta kuma ga yadda Allah ya bi da ita. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

A watan Agusta ne, tsakiyar damina. Duk wadda ta taɓa jinyar yaro a asibitin gwamnati a wannan lokaci ta san yadda ɗakin yara yake zama: yara biyu, wani lokaci uku a gado ɗaya, iyaye mata a kan tabarma a ƙasa, ga kuka ta kowace kusurwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma yawancin waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu a wurinmu waɗannan alƙaluma suna da fuska da suna.

A daren, mu biyu ne kawai a kan yara fiye da arba'in. Wajen ƙarfe biyu wata mata ta shigo, jikinta jiƙe sharkaf, ƙafafunta duk laka, da goyo a bayanta. Da ta kwanto shi na ga yaro ne da bai wuce shekara biyu ba. Na buɗe tafin hannunsa, fari fat. Na ja fatar idonsa ta ƙasa, babu alamar jini. Numfashinsa sama-sama, yana ta taune-taune.

Kafin na kai hannu ga magani, baki ya riga ni. Da ƙarfi na faɗa, duk ɗakin yana ji:

"Sai yanzu kika kawo shi? Kwana nawa yana zazzaɓi? Kun zauna kuna ɗura masa jiƙe-jiƙe, sai da ya kusa mutuwa za ku kawo mana, in ya mutu a ce mu ne. Ke wace irin uwa ce?"

Ba ta ce komai ba sai, "Ki yi haƙuri, Sista."

Aikina kam na yi shi. Na kira likita. Na nemi jijiya da fitilar waya don an ɗauke wuta, sai a karo na uku na samu. Muka auna sukarin jininsa, muka yi masa allurar atesunet wadda ake yi wa mai zazzaɓi mai tsanani, muka sa masa iskar oksijin. Abin da ya fi buƙata shi ne ƙarin jini. Aka tafi da ƙanin mijinta da ya rako ta don a gwada nasa. Kafin jinin ya iso, ana gab da kiran sallar asuba, yaron ya cika.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta gyara masa riga, ta goya shi kamar mai barci, ta rufa masa mayafi. Iyaye mata da yawa haka suke yi, don in direba ya san gawa ce kuɗin mota sai ya ninka. Da za ta fita ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Na gode, Sista. Allah ya saka da alheri."

Na rubuta lokacin rasuwa a fayil. Na wanke hannu. Na haɗa shayi na sha. Abin da nake so ku gane shi ne ban ji komai ba. Ko ɗis.

Da gari ya waye, Inna mai shara, wata dattijuwa Musulma da ta girmi mahaifiyata, ta zo goge ƙarƙashin teburina. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Sista, maganin da kika ba yaron nan ya tafi da shi kabari. Maganar da kika ba uwarsa kuwa, da ita za ta zauna." Na ji haushi. Na ce a raina, ita da ba ta san zafin aikin dare ba. Na ɗauki jakata na tafi gida.

Bayan kamar mako biyu ina kwance a falo bayan aikin dare, sai na jiyo 'yata mai shekara shida tana wasan asibiti da 'yar maƙwabta a tsakar gida. Ta tara kwalaben magani da babu komai a ciki, biro ne allurarta. Ƙawar ta kawo 'yar tsana a goye. Sai 'yata ta riƙe ƙugu, ta ɗaure fuska, ta ce, "Sai yanzu kika kawo shi? Ke wace irin uwa ce?"

Muryata ce. Har yadda nake jan "yanzu" ɗin. Ba ta taɓa bina wurin aiki ba. A gida ta koya, wurin maƙwabta da ke ƙwanƙwasa mana ƙofa da yara marasa lafiya. A tunaninta haka nas take magana. Na tashi na shiga banɗaki na kulle, na daɗe a tsaye ina kallon bango.

Dole na koma baya kaɗan, don ruwa ba ya tsami banza.

Shekara uku kafin wannan dare ina da ciki na uku, wata takwas. Ƙafafuna suka kumbura, fuskata ma ta ɗan tasa, kaina yana sarawa. Ni da nake koya wa mata cewa waɗannan alamun hawan jinin masu ciki ne, na ce gajiyar tsayuwa ce, bari na gama wannan zagayen aikin dare na je a duba ni. Wata ranar Laraba da yamma na lura motsin yaron ya ragu. Na sha ruwan sanyi, na kwanta a gefen hagu, na ji kamar ya ɗan motsa. Na ce bari gari ya waye. Tsakanin gidana da asibiti tafiyar minti goma ce a adaidaita.

Da safe a hanya babu irin roƙon da ban yi wa Allah ba. Aka ɗora na'ura a cikina. Abokiyar aikina ta daɗe tana nema, sai ta ce bari ta kira likita. Na san ma'anar wannan, don ni ma na sha faɗa wa wasu haka. Namiji ne. Ina kwance ana ƙoƙarin sauko da jinina maza suka kai shi suka binne. Ban ga kabarin ba, ban kuma tambaya ba.

Babu wanda ya ce mini "sai yanzu kika zo?" Ni na ce wa kaina, kullum, shekara uku. Sai dai ban taɓa haɗa wannan da abin da nake yi wa matan mutane ba.

Jama'a sun yi mini kirki. Aka yi ta zuwa gaisuwa, ana cewa na yi haƙuri, Allah zai ba da wani. Na amsa da "amin". Amma tun daga ranar na daina yi wa Allah magana. Ban bar zuwa coci ba, ko Lahadi ɗaya. Ina ɗaura zanen Zumuntar Mata, ina zuwa taro, ni ce ma mai rubuta rahoton taro saboda ina da hannun rubutu. In ana waƙa ni ke buga tulu. Wanda ya san tulun kiɗa ya san don babu komai a cikinsa yake ba da wannan amo. Haka nake. Idan aka ce mu rufe ido mu yi addu'a, nakan rufe ido ina lissafin cefane.

A wurin aiki kuma abubuwa suka ƙara nauyi. Abokan aiki suka yi ta tafiya Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage muka raba aikinsu. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wata irin gajiya da matsin aiki mai tsawo ke jawowa, ta ba ta alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji zuciyarsa ta yi nisa da aikin har ya riƙa ganin baƙinsa, sannan ƙwazonsa ya ragu. Duka ukun ina da su. Amma ba zan ɓoye a bayan wannan ba. Akwai waɗanda muke aiki tare, gajiyarmu ɗaya, ba su taɓa wulaƙanta uwar mara lafiya ba.

Akwai wata tsohuwa a cocinmu, ungozoma ce da ta yi ritaya tun ina makaranta. Kowa Mama yake ce mata. A bencin baya take zama saboda ciwon gwiwa. Kwana biyu bayan wasan 'yata, na taso daga aikin dare na wuce gidanta da sunan zan auna mata jini. Ni kaina ban san abin da ya kai ni ba.

Na naɗa mata abin awo a hannu, ita kuwa fuskata take kallo. Ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da barci?" Na yi dariya na ce ai mu da barci sai a lahira. Ba ta yi dariya ba. Ta sa jikarta ta kawo kunun gyaɗa da ƙosai, ta zauna sai da na cinye. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta karɓe wayata, ta aika a gaya wa maigidana inda nake. Ban farka ba sai bayan la'asar.

Sau uku ina zuwa, sau uku ana haka. Kunu, tabarma, barci. Ba ta tambaye ni komai ba.

A zuwa na huɗu ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki nata, wanda bangonsa ya sha ɗinki, ta ce idonta ya yi rauni, na karanta mata Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Labarin annabi Iliya ne. Bayan babbar nasarar da ya yi a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aika masa da barazanar kisa. Ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Daga nan barci ya kwashe shi.

Mama ta ce na dakata. Ta ce, "Me Allah ya fara yi masa?"

Na duba. Mala'ika ne ya tashe shi, ga gurasa da aka gasa a kan garwashi, ga butar ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi abinci, saboda tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana arba'in, a Dutsen Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi wurin. Iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, amma a cikin wata murya mai taushi aka yi masa magana.

Tun ina makarantar Lahadi na san labarin nan. Ban taɓa lura ba cewa mutumin da ya gudu daga bakin aikinsa, yana neman mutuwa, ba a tarbe shi da faɗa ba. Ba a ce masa sai yanzu ya ga damar zuwa ba. Abinci aka ba shi.

A nan ne na fashe da kuka. Kukan da ban yi a ɗakin haihuwa ba, ban yi a zaman makoki ba, shi na yi a kan tabarmar Mama. Na gaya mata komai: daren Laraba da na jira, da matar da ta goyi gawar ɗanta ta yi mini godiya.

Ta bar ni sai da na gaji. Sannan ta ce, "Kina fushi da Ubangiji." Na ce a'a, wa ya isa. Ta ce, "Kina fushi da shi, kuma ya sani. Gara ki faɗa masa da bakinki. Gaba ce kike yi da shi, kuma gaba ta fi faɗa kashe zumunci." Ta nuna mini cewa cikin Zabura 150 da muke da su, da yawa kuka ne da ƙorafi. Ta ce na je na karanta ta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, babu ko kalmar lallashi a ƙarshenta, amma aka bar ta a cikin Littafi. Ta ce in Allah ya yarda a ajiye irin wannan addu'a, to zai iya jin tawa.

Na samo wani tsohon littafin rubutu na fara rubuta addu'a, don bakina ya ƙi buɗuwa. Ta farko layi ɗaya ce: "Ina kake a daren nan?" Washegari na rubuta shafi biyu, duk tuhuma. Na yi makonni a haka. Ban ji wata murya ba, ban yi mafarki ba. Har yau ban san dalilin da ya sa ɗana bai rayu ba, kuma na daina yarda da duk wanda ya ce ya sani. Abin da ya faru a hankali ya faru. Na lura ina jiran lokacin rubutun nan. Na lura cewa wanda nake tuhuma bai tashi ya bar ni ba. Wata rana ina rubutu sai tunani ya zo mini cewa bangaskiyar da aka rene ni a ciki tana tsaye ne a kan mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, kuma a gindin gicciyen nan akwai uwa a tsaye tana kallo. Ashe ba baƙon wannan ciwo nake kai wa ƙara ba.

A ranar ne na rubuta, karo na farko, "Ka gafarta mini." Na kuma gaskata an gafarta mini, ba don na cancanta ba. Wannan shi muke kira alheri.

Da dare na gaya wa maigidana abin da na ɓoye masa shekara uku, cewa tun da yamma na ji motsin ya ragu. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma yana da nasa. Ya ga kumburin fuskata a makon, ya so ya ce na nemi hutu, amma ya tuna kuɗin makarantar yara ya yi shiru. Ashe gado ɗaya muke kwana, kowa da dutsensa a ƙirji, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa. Ranar Asabar ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wurin. Muka sa wa yaron suna a tsakaninmu.

Na ɗauka an gama. Sai wata Lahadi ta jibin Ubangiji, aka karanta koyarwar Yesu a Matiyu sura 5, inda ya ce in mutum ya kawo baikonsa gaban Allah ya tuna akwai wanda ya ɓata wa, ya ajiye baikon tukuna, ya je su shirya. Aka miƙo mini faranti, hannuna ya ƙi ɗauka. Bayan an tashi na gaya wa Mama. Ta ce, "Tsakaninki da Allah an daidaita. Matar nan fa? Har yanzu maganarki tana ɗakinta."

Na je wurin Inna mai shara, na fara ba ta haƙuri a kan harara da na yi mata. Ashe ta san ƙauyen matar, 'yar ƙanwarta tana aure a can. Na roƙe ta ta aika a tambaya ko matar za ta yarda na zo. Bayan kwana goma amsa ta dawo: ta ce na zo.

Lokacin hunturu ne. Ni da Inna muka shiga mota, muka sauka a bakin titi, muka hau acaɓa. Na riƙe sabulu da sukari da turmin atamfa, ina jin kunyar ƙanƙantarsu. A hanya muka ratsa wani faffaɗan rafi, yashi ne zalla. Ɗan acaɓan ya ce da damina ruwan nan yana shanye mutum a tsaye.

Ta gane ni tun daga zaure. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa da fura. Bayan gaisuwa na sauka daga tabarmar na durƙusa a gabanta. Na ce, "Baiwar Allah, na zo ta'aziyya a makare, na kuma zo neman gafara. Na faɗa miki maganar da ba ta dace ba a ranar da kika fi kowa buƙatar a tausaya miki."

Ta ce na tashi, na ƙi. Sai ta fara ba ni labarin da ya kamata na tambaya tun a daren.

Ranar Litinin zazzaɓin ya fara. Ta sayo magani a kemis, jikin ya yi sanyi, Talata ya dawo. Mijinta yana Legas yana neman kuɗi, wayarsa ba ta shiga. Babu ko sisi a gidan. Laraba da safe ta sayar da akuyarta ɗaya tilo a rabin kuɗinta. Suka kama hanya ita da ƙanin mijinta, suka tarar an yi ruwa a sama, rafi ya kawo. Tun la'asar suke zaune a bakin rafin suna jiran ruwa ya ja. Sai tsakar dare suka shiga, ƙanin mijin ya ɗaga yaron sama da kansa, ruwa yana dukan ƙirjinta.

Ta ce, "Sista, a bakin rafin nan na yi ta kiran sunansa don kada ya yi barci."

Sannan ta faɗi abin da ba zan manta ba har na mutu. Ta ce, "Na san kwanansa ne ya ƙare. Amma kullum na kwanta sai na ji muryarki. Na ce tunda malamar asibiti ta faɗa, ita ta yi karatu, to ni na kashe shi."

Wata biyar tana ɗauke da wannan. Magana zarar bunu ce.

Ban yi mata ƙarya ba. Na ce mata gaskiya ne da ya iso da wuri wataƙila da an samu sa'a. Amma rafi ne ya tsare ta, da rashin hanya, da rashin kuɗi. Uwar da ta sayar da akuyarta ta shiga ruwa da tsakar dare ba ta kashe ɗanta ba, ta yi iyakar abin da uwa za ta yi. Daga nan na ba ta nawa labarin. Na ce ni da ilimina, babu rafi a gabana, minti goma tsakanina da asibiti, na kwana ina jira. Na ce tambayar da na jefe ta da ita, tawa ce, kaina nake yi wa.

Ta kamo hannuna ta ɗaga ni. Ta ce, "Ashe ke ma kin sha. Allah ya sa masu cetonmu ne. Na yafe miki duniya da lahira." Muka yi kuka mu uku har da Inna. Da za mu tafi ta cika mini ƙwarya da gyaɗa, ta ƙi jin roƙona na bar ta. Na lura tana da ƙaramin ciki, muka yi maganar awo, muka kuma yi shawara da surukarta cewa in damina ta kama kuma haihuwa ta matso, ta koma wurin 'yan uwa a tsallaken rafi.

Lahadin jibin Ubangiji da ta biyo baya na ɗauki gurasar.

Ba zan ce muku na zama waliyyiya ba. Ɗakin yara yana nan yadda yake, gadaje ba su ƙaru ba, ma'aikata ma ba su ƙaru ba. A watan jiya na daka wa wani uba tsawa a kan takardar magani, sai da na koma na same shi a baranda na ba shi haƙuri. Bambancin shi ne yanzu ina jin abin idan na yi. A littafin annabi Ezekiyel akwai alkawarin da Allah ya yi na musanya zuciyar da ta taurare da mai rai. Abin da ba a gaya mini ba shi ne zuciya mai rai tana jin ciwo. Yanzu idan yaro ya rasu a hannuna nakan shiga ɗakin magani na share hawaye. Na fi son haka da shayin da na sha a daren nan.

Ga ƙananan abubuwan da suka riƙe ni. Kafin na shiga aiki nakan zauna minti goma na karanta Zabura ɗaya. Duk lokacin da nake wanke hannu tsakanin yaro da yaro nakan ce, "Ubangiji, ka tsare bakina." Ranar hutuna ta zama ta hutu, na mayar da littafin rahoton Zumunta ga wata. Na kuma je na ga likitan da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa, Mama ce ma ta matsa mini. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne.

Maganata ta farko ga duk uwar da ta shigo yanzu ita ce, "Sannu da ƙoƙari, kin kyauta da kika kawo shi." Sannan na yi tambayoyina. Na gano wani abu: uwar da ba a tsorata ba takan faɗi gaskiyar kwanakin ciwon da duk abin da aka ba yaron, na kemis da na gargajiya. Wannan bayani yana taimaka wa likita ƙwarai. Ashe faɗan da nake yi har aikin yake ɓatawa.

'Yan uwana iyaye mata, bari na yi magana da bakin nas kaɗan. In yaro yana zazzaɓi, a gwada jininsa a ranar, kada a wuce kwana ɗaya. In ya fara taune-taune, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko numfashinsa ya canza, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. A kwana cikin gidan sauro. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina sun zo, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 wata-wata, a karɓa a kuma cika kwanakinsa uku. Mai ciki kuma, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zubar jini, ko raguwar motsin ɗa, babu ɗaya a cikinsu da ake jira gari ya waye. Ni na jira.

Idan wata a cikinmu masu farin kaya ta taɓa yi miki irin abin da na yi, ina ba ki haƙuri a madadinta. Kada zafin bakinmu ya hana ki kawo ɗanki. Idan kuma ke ce kike ɗauke da wani "da na sani" da ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, kina zuwa wurin ibada da jiki amma zuciya ta yi shiru, ki nemi Mamarki. Kowace unguwa tana da irinta. Ki ci abinci, ki yi barci, sannan ki faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke ranki. Ni dai da na koma bayan shekara uku, bai ce mini sai yanzu ba.

Kwanan baya na sake jin 'yata tana wasan asibiti. Ƙawarta ta kawo 'yar tsana. Na kasa kunne gabana yana faɗuwa. Ta ce, "Sannu Maman Bebi, zauna a nan, kin kyauta." Ta tsira wa 'yar tsanar biro, ta rubuta magani a bayan kwali. Da ƙawar za ta tafi sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Amma gobe ki zo da wuri fa."

Wannan kam na bar mata, don gaskiya ta faɗa.